Fim ɗin ƴan fashin teku: an nuna ɓarayi, an ɓoye masu noman rake



Yau zancenmu a kan wani fim ne. Da yawa daga cikinku sun gan shi a tele, ko a cikin salular yara. Sunansa da Ingilishi Pirates of the Caribbean, wato ƴan fashin tekun Karayib. Kamfanin Disney na Amurka ne ya fito da shi a shekarar 2003. Shi ne fim ɗin nan mai wani mutum da jan ƙyalle a kai, da kwalli raɗau a ido, yana tafiya yana tangaɗi. Sunansa a cikin wasan Kaftin Jak Sparo. Ɗan wasan kuwa sunansa Joni Dep.

Fim ɗin ya karɓu ƙwarai. Kashi na farko kaɗai ya kawo sama da dala miliyan 650 ta Amurka. Aka ƙara kashi huɗu, na ƙarshe a 2017. Duka biyar ɗin sun tara sama da dala miliyar 4, wato miliyan 4,000.

Garin da labarin ya fara a cikinsa akwai shi a duniya. Sunansa Fot Royal, yana cikin tsibirin Jamaika. Yau Jamaika wurin hutu ne, masu kuɗin Amurka da Turai suna zuwa shan iska a bakin teku. Abin da yawancinsu suka sani game da tarihin wurin, daga irin wannan fim suka san shi. Mu ma yaranmu daga nan suke saninsa. Shi ya sa ya kamata mu zauna mu auna shi, mu ga abin da ya faɗa daidai, da abin da ya yi shiru a kai.

Labarin a taƙaice

Ga wanda bai gani ba, ga yadda labarin yake. Wasu ƴan fashin teku sun saci akwatin dutse mai tsabar zinariya 882. Zinariyar ta mutanen Aztek ce, na ƙasar Meziko, waɗanda Turawan Ispaniya suka ci da yaƙi. Ashe akwai la'ana a kanta. Duk wanda ya ɗauki ko tsaba ɗaya, ba ya mutuwa, kuma ba ya jin daɗin rayuwa. In ya ci ba ya ƙoshi. In ya sha ƙishirwa ba ta tafiya. In farin wata ya haska shi, sai a ga ƙwarangwal ne ke tafiya.

La'anar ba ta warwarewa sai an mayar da zinariyar duka, ba saura ko ɗaya. Tsaba ta ƙarshe tana wuyan ɗiyar gwamnan Fot Royal. Sai ƴan fashin suka faɗa wa garin da dare, suka sace yarinyar. Wani saurayi maƙeri da ke sonta ya haɗa kai da Jak Sparo, suka bi sawu. Aka yi ta faɗa da takobi da igwa. A ƙarshe zinariya ta koma wurinta, yarinya ta tsira, Jak ya kuɓuta daga igiyar rataya, ya hau jirginsa ya tafi.

Abin da za a yaba

Mu fara da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Masu fim ɗin sun iya aikinsu. Fim ne mai sama da awa biyu, amma mai kallo ba ya gyangyaɗi. Dubi shigowar Jak cikin gari. An nuno shi tsaye a saman jirgi kamar wani babban sarkin ruwa. Can sai ka ga ashe ɗan kwalekwale ne, kuma yana nutsewa. Daidai lokacin da ruwa ya gama shanye shi, sai Jak ya taka gadar tasha, ko jiƙewa bai yi ba. Ba a ce komai ba, amma ka riga ka san halin mutumin. Ko wanda ba ya jin harshen zai yi dariya. Irin wannan dabarar ta Gizo ce, kuma mun san daɗinta tun muna yara.

Akwai kuma abin da suka ɗauko daga tarihi. A bakin tashar an nuna gawawwakin ƴan fashi a rataye don gargaɗi. Haka aka yi da gaske. A watan Nuwamba na 1720 an rataye wani ɗan fashi mai suna Jon Rakam a Fot Royal, aka bar gawarsa a wani ɗan tsibiri kusa da mashigar jirage, kowa ya gani.

Abin da ya fi kyau a fim ɗin shi ne zancen la'anar nan. Dukiyar haram ba ta ƙosar da mai ita, kuma ba a samun lafiya sai an mayar da kayan mutane. Kowane malami zai yarda da wannan. Ku riƙe wannan darasi, don za mu auna fim ɗin da mudun da ya kawo da kansa.

Ina ne Jamaika?

Jamaika tsibiri ne, wato ƙasa wadda ruwa ya kewaye ko'ina. Tana kudu da Kuba. Girmanta wajen murabba'in kilomita 11,000. Jihar Maraɗi ta yi ta kusan sau huɗu. Mutanenta wajen miliyan 2 da dubu 800, yawancinsu baƙar fata ne irinmu. Babban birninta Kingiston.

Masu ƙasar na farko ana kiransu Taino. Manoma ne da masunta. Suna noman rogo da masara da dankali tun kafin waɗannan abubuwa su iso gonakinmu. Su ne suka raɗa wa tsibirin suna, ma'anarsa ƙasar itace da ruwa. A 1494 Kolombus ya iso da jiragen Ispaniya. A 1509 Ispaniyawa suka kafa gari, suka sa Taino aikin dole. Wahala da cututtukan da baƙi suka kawo suka ƙarar da yawancinsu. Da hannuwan aiki suka yi ƙaranci, sai aka fara kawo bayi daga Afirka.

A 1655 Ingila ta aiko da rundunar ruwa don ta ƙwace Santo Domingo daga hannun Ispaniya. Aka kore su da kunya. Don kada su koma gida hannu rabbana, sai suka faɗa wa Jamaika, wadda ba ta da tsaro sosai, suka kama ta. Daga nan ta zauna a hannun Ingila shekara 307, sai ranar 6 ga Agusta 1962 ta sami ƴancin kai, shekara biyu bayan Nijar.

Fashi da takardar sarki

A cikin fim an raba duniya biyu. Ga gwamna da sojansa masu jan kaya, su ne doka. Ga ƴan fashi, su ne masu karya doka. Tarihi bai raba su haka ba.

Da Ingila ta kama Jamaika, ba ta da isassun jiragen da za su tsare ta. Sai gwamna ya gayyaci ƴan fashin teku a 1657, ya ce su zo su zauna a Fot Royal. Aka riƙa ba su takarda mai hatimi. Takardar ta ba su izini su far wa jiragen Ispaniya. In sun dawo da ganima, a fitar da rabon sarki, saura nasu. Mai takarda sojan haya ne, marar takarda ɓarawo ne, alhali aikinsu ɗaya.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Hanri Mogan. A 1668 ya kama garin Fortobelo, ya ƙi sakinsa sai da aka biya shi kuɗin fansa, tsabar azurfa 100,000. A 1669 ya faɗa wa Marakaibo. A 1671 ya kai hari babban birnin Fanama da mutum sama da 1,000, garin ya ƙone ƙurmus. A lokacin kuwa Ingila da Ispaniya sun riga sun yi sulhu tun 1670. Aka kama Mogan aka kai shi Landan a 1672. Kuna tsammani an rataye shi? A'a. A 1674 Sarki Calis na Biyu ya ba shi sarautar girmamawa, ya mayar da shi Jamaika a matsayin mataimakin gwamna. An ba kura ajiyar nama ke nan. Daga baya shi da kansa ya riƙa farautar ƴan fashin da ba su da takarda.

Wani mai aikin magani da ya yi tafiya da ƴan fashin, sunansa Eskemelin, ya rubuta littafi a 1678. Ya ba da labarin yadda ake azabtar da mutane don su nuna inda suka ɓoye dukiya. Da aka juya littafin da Ingilishi, Mogan ya kai masu bugawa ƙara, ya ce an ɓata masa suna. Kotu ta ba shi gaskiya, aka biya shi fam 200. Kun ga tun yana da rai ya fara wanke sunansa. Wankin ya yi kyau, don tun 1944 akwai wata giya mai suna Captain Morgan, da hotonsa yana murmushi a jikin kwalba.

Jama'ar iyakar Maraɗi, wajen Madarunfa da Gidan Rumji, ba sai an fassara musu kuɗin fansa ba. Sun san kukan da ake yi a gida kafin a haɗa shi, sun san shanun da ake sayarwa. Mutanen Fortobelo ma haka suka ji. Fim ɗin ya nuna harin dare a kan gari, amma ya cika shi da ban dariya. Kafin gari ya waye an manta da waɗanda aka kashe.

Garin da teku ta haɗiye

Dukiyar fashi ta sa Fot Royal ya cika ya batse. Mutum wajen 6,500 suka matsu a kan wani ɗan zirin rairayi, da gidajen bene na bulo da mashaya ba iyaka. Ranar 7 ga Yuni 1692, daf da tsakar rana, aka yi girgizar ƙasa. Rairayin da ke ƙarƙashin gidaje ya narke kamar kunu. Kashi biyu cikin uku na garin ya nutse. Mutum wajen 2,000 suka mutu nan take, wasu dubbai suka bi su saboda rauni da annoba. Kabarin Mogan, wanda ya mutu a 1688, shi ma ruwa ya ci. A 1959 masu nutso suka tsamo wani agogon aljihu, ya tsaya a ƙarfe 11 da minti 43. Waɗanda suka tsira su ne suka ƙetare suka kafa Kingiston.

Fim ɗin ya sa labarinsa shekaru bayan wannan, amma bai ce komai a kai ba. Ya nuna gidan soja a kan dogon dutse, har yarinya ta faɗo daga can cikin teku. Fot Royal na gaske shimfiɗe yake, ba dutse. Yawancin hotunan bakin teku ma a wani tsibiri aka ɗauke su, mai suna San Binsan. Gwamna kuma a wani gari yake zaune, Sfanish Tawun. Waɗannan ƙananan laifuka ne. Mai tatsuniya yana da damar ƙara gishiri. Babban laifin yana gaba.

Ina masu noman rake?

Ku sake kallon fim ɗin, ku ƙirga baƙaƙen fata. Za ku ga wata mace mai tuƙin jirgi, wadda Jak ya sace wa kwalekwale. Za ku ga wani ƙato mai tsage a jiki cikin ƴan fashi, da wasu ƙalilan. Masu hidimar da aka nuna a gidan gwamna Turawa ne. Ba gandu ko ɗaya, ba kasuwar bayi. To, gwamnan nan mai gashin aro da keken doki, da me ake ciyar da shi?

Amsar ita ce rake. Kun san raken da ake nomawa a fadamun Matamai da Magarya, kun san mazarƙwaila. A wancan zamani sukari shi ne babbar hajar Turai, Jamaika kuwa ita ce babban gandun Ingila. Wajen shekarar 1730, a kan kowane Bature ɗaya akwai bayi kusan 10. Mogan kansa da kuɗin fashi ya sayi gandaye uku. Da ya mutu aka yi lissafin dukiyarsa, aka sami bayi 131 a ciki, har da yara. Kuɗin fashi ya zama gandu, gandu ya ci mutane.

Aikin rake ba shi da jinkiri. In an sare shi, dole a matse shi da wuri, in ba haka ba ruwan ya yi tsami. Saboda haka lokacin girbi injin matsa ba ya tsayawa dare da rana. Mai tura rake in barci ya ɗauke shi, inji ya kama hannunsa. Akan ajiye gatari a kusa don a datse hannun kafin inji ya ja mutum duka. A ɗakin dahuwa kuwa, manyan tukwane na tafasa, zafi kamar maƙera.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Mutanen Afirka wajen miliyan 1 aka sauke a Jamaika. An sake sayar da wajen 200,000 zuwa wasu ƙasashe. Amma da aka zo soke bauta a 1834, bayin da ke raye wajen 311,000 ne kawai, har da waɗanda aka haifa a can. Manomi ya san garken da ake ƙara wa dabbobi kowace shekara amma ba ya yaɗo. Mutuwa ta fi haihuwa yawa.

Wasu ma ba su iso ba. A 1781 wani jirgin bayi mai suna Zong, na ƴan kasuwar Libaful, yana kan hanyar Jamaika. Matuƙan suka ce ruwan sha ya yi ƙaranci, suka jefa sama da mutum 130 cikin teku da ransu. Masu jirgin suka je kotu neman kuɗi daga kamfanin inshora, wato masu biyan mutum in hajarsa ta salwanta. Shari'ar haja aka yi. Ba wanda aka tuhuma da kisa.

Ƴan fashi abokan bayi ne?

Wani zai ce ai ƴan fashi talakawa ne masu neman ƴanci, kuma akwai baƙaƙe a jiragensu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Matuƙa da yawa sun gudu ne daga bulalar jiragen ƴan kasuwa. A wasu jiragen fashi ana zaɓen shugaba, ana raba ganima bisa ƙa'ida. Wasu bayi sun sami mafaka a ciki. Amma ku ji sauran labarin.

A kashi na huɗu na fim ɗin akwai wani ɗan fashi da ake kira Mai Baƙin Gemu. An yi shi da gaske. Babban jirginsa da can jirgin bayi ne na birnin Nanti a Faransa. Ya kama shi a watan Nuwamba na 1717, maƙare da mutanen da aka loda a Wida. Wida tana nan a ƙasar Bini, wajen kilomita 40 yamma da Kotonu. Bai mayar da kowa gida ba. Ya zaɓi waɗanda yake so, ya bar sauran a hannun Faransawa, suka kai su Martinik suka sayar.

A Janairu 1722 wani ɗan fashi mai suna Robats ya tsare jiragen bayi a Wida, ya ce kowane ya biya fansa. Wani mai jirgi ya ƙi biya. Yaran Robats suka cinna wa jirgin wuta, da mutum wajen 80 a ciki cikin mari. Da sojan ruwan Ingila suka ci ƙarfinsu bayan wata ɗaya, aka rataye 52 a Kef Kos, cikin Gana ta yau. Baƙaƙen da ke jiragensu, wajen 70, aka sayar da su bayi.

Masu fim sun san da wannan zance. A kashi na uku sun ɗauki wani wuri inda ake nuna cewa Jak ya taɓa ƙin kai bayi kasuwa, ya sake su. Amma sun yanke wurin kafin fim ya fito. Ba rashin sani ba ne ke nan. 

Waɗanda suka cancanci fim

In jarumai ake nema, Jamaika tana da su. Bayin da suka gudu sun hau duwatsu sun kafa garuruwa. Ana kiransu Marun. A gabas wata mace ce ke jagorancinsu, sunanta Nani. A yamma akwai Kojo. Sun san daji, suna rufe jiki da ganye, suna kiran juna da ƙaho. Sojan Ingila suka yi shekaru suna fama, suka kasa. A 1739 aka yi sulhu da Kojo, aka bar wa mutanensa ƙasa wajen hekta 600. Sulhun yana da ɗaci, don sun yi alkawarin kamo duk bawan da ya gudu bayan haka. Labari ne mai jarumta da tabo, irin na mutane na gaske.

Akwai Sam Sharp, bawa ne mai wa'azi a coci, kuma ya iya karatu. Yana karanta jaridu, ya ga ana gardamar soke bauta a Ingila. Ya shirya yajin aiki: bayan Kirsimeti na 1831 kada kowa ya taɓa rake sai da lada. Abin ya zama tawaye, dubban bayi suka shiga, gandaye suka ƙone. Aka murƙushe su, aka yanke wa sama da 300 hukuncin kisa. Aka rataye Sam Sharp ranar 23 ga Mayu 1832 a Montego Be. Shekara ɗaya bayan haka majalisar Ingila ta yi dokar soke bauta. Cikakken ƴanci ya zo ranar 1 ga Agusta 1838. Yau hoton Nani da na Sam Sharp suna kan takardar dala 500 ta Jamaika.

Akwai kuma wani da ya shafe mu kusa. Sunansa Abubakar Siddiƙ. An haife shi a Tumbutu wajen 1790, ya tashi a Jenne, ya yi karatu a Buna, cikin Kodibuwa ta yau. A labarin da ya rubuta da hannunsa, ya ce sunan mahaifiyarsa Hafsatu, amma da Hausa ana kiranta Nagode. Yaƙi ya ci garin, aka kama shi yana saurayi. Aka bi da shi ta Kumasi zuwa bakin teku, aka sayar wa jirgin Ingila. Ku lura, waɗanda suka kama shi suka kai shi kasuwa baƙaƙe ne ƴan'uwansa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ya yi kusan shekara 30 yana bauta a Jamaika, an sa masa sunan Turawa. Ubangidansa ya ga ya iya alƙalami, ya ba shi lissafin kanti, yana yi da haruffan Larabci. A 1834 wani alƙali mai suna Madan ya ga rubutunsa, ya tsaya har aka ƴanta shi. Daga baya ya kama hanyar gida ta Maroko tare da wani Bature matafiyi. Cikin mutum miliyan 1, kaɗan ne muka san sunan uwarsu. Nasa mun sani, don ya rubuta.

Abin da ake sayar wa baƙi

A 2023 baƙi sama da miliyan 4 suka ziyarci Jamaika, sun fi ƴan ƙasar yawa. Suka kashe wajen dala miliyar 4 ta Amurka. Dubban gidaje da wannan suke cin abinci, masu dafuwa da direbobi da masu sassaƙa. Ba mai hankalin da zai ce a kore baƙi. Tambayar ita ce wane labari ake ba su.

Kusa da Montego Be akwai wani tsohon gidan mai gandu, Roz Hol. Ana kai baƙi can da dare a ba su labarin wata Baturiya mayya da ta kashe mazanta uku. Labarin ya yi suna ne daga wani littafin ƙage na 1929. Masu bincike sun nuna matar gaske ba ta kashe kowa ba. Ana ɗaurin aure da biki a harabar. Fatalwar ƙarya ta fi mutanen da suka sare raken wurin kasuwa.

Bakin teku ma da magana. Wata doka ta 1956, tun zamanin mulkin mallaka, ba ta ba ɗan ƙasa cikakken haƙƙin shiga gaɓar ruwa ba. Manyan otel suka kewaye wurare masu kyau da katanga. A shekarun 2020 masunta da mazauna wasu garuruwa sun kai ƙara kotu, suna neman a bar musu hanyar zuwa ruwan da kakanninsu suka yi su a ciki.

Akwai abin farin ciki kuma. A watan Yuli na 2025 hukumar UNESCO ta sa tsohon Fot Royal, har da ɓangaren da ke ƙarƙashin ruwa, cikin wuraren tarihi na duniya. Dama ce ga Jamaikawa su ba da labarin garin dukansa, da tashar fashi da kasuwar bayi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Hukunci

Yanzu mu ɗauko mudun da fim ya kawo. Ya ce ba a rabuwa da la'ana sai an mayar da kayan mutane. To, a Jamaika an mayar? Da aka soke bauta, gwamnatin Ingila ta fitar da fam miliyan 20 ta biya diyya. Masu bayi aka biya, don sun yi asarar dukiya. Waɗanda suka sare raken ba a ba su ko anini ba, aka ma ƙara musu shekara huɗu na aikin dole da sunan koyon sana'a. Ma'aikatar kuɗin Ingila ta ce sai a 2015 aka gama biyan bashin da aka ci don wannan diyya. A 2014 ƙasashen yankin Karayib suka fito da buƙatu 10, suna neman ƙasashen Turai su nemi gafara su gyara ɓarna. Fim ɗin ya damu da tsabar zinariya 882 ta tatsuniya, bai tambayi wannan ba.

Ni a ganina, fim ne mai daɗin kallo, amma mugun malamin tarihi ne. Kun san waƙar ɓarayi irin ta Gambu. Kiɗan da daɗi, mutum ya yi dariya, amma wanda aka fasa wa rumbu ba ya rawa. Haɗarin yana wurin samari. Yaro ya ga mai makami ya fi kowa kwarjini, ya fi kowa iya magana, ba ya noma amma ba ya rasa zinariya. A ƙasar da ake sace mutane a kan babur, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ban ce ku hana yara kallo ba. Ku zauna tare da su. In an gama, ku tambaye su: dukiyar nan ta wa ce? Wa ya noma abincin gwamna? Gidan da aka fasa da dare, ina mai shi ya kwana? Sa'an nan ku ba su labarin Nani, da Sam Sharp, da Abubakar ɗan Nagode. Duk labarin da aka kawo muku, a tele ko a takarda ko a bakin maroƙi, ku nemi wanda aka bari a waje.

Allah shi kiyaye mu da dukiyar haram, shi ba mu damina mai albarka. Sai mun sake saduwa.